SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: Mako Uku Da Manhajar Gwaji A Ɗakin Kwamfutar Makarantarmu

Tun da watan Oktoba na shekarar 2025 ya wuce, da ƙyar mako zai zo ya fita ban sami wanda ya tare ni ba, ko a ƙofar masallaci ko a teburin mai shayi a nan zangon Kumasi, yana tambayata wai shin gaskiya ne an ce kwamfutarsa ta tashi daga aiki, alhali kuwa ga ta nan tana kunnuwa lafiya lau. Wani dattijo mai shagon buga takardu har cewa ya yi da ni, "Ticha, yaya za a ce abu ya mutu, ga shi kuwa ina cin abinci da shi?" Saboda yawan wannan tambaya ne na ga ya dace in ba da labarin abin da ya faru da mu a makarantar da nake koyarwa, da irin gwajin da na yi a hutun watan Agusta na wannan shekarar da na ambata, har da ɓarnar da na tafka da hannuna, ko wani ya amfana.

Kafin in shiga labarin, bari in yi wa wanda bai saba da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ɗan bayani. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ita ce ke riƙe da ragamar komai. Matsayinta kamar na uwargida ne a babban gida: ita ke riƙe da mabuɗin rumbu, ita ke raba wa kowa aikinsa, ita ce kuma ta san inda aka ajiye kowane kaya. Manhajar rubutu da ta lissafi da ta shiga intanet duk 'yan gida ne, sai da izninta suke motsi. Windows ita ce uwargidan da yawancinmu muka sani, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Akwai wasu kuma, irin su Android da ke cikin wayoyinmu, da macOS ta kamfanin Apple, da dangin Linux waɗanda zan zo kansu nan gaba.

Ita Windows 10 an fito da ita ne ranar 29 ga Yuli 2015, kamfanin kuma ya daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba 2025. Daina kulawar ba ya nufin na'ura za ta ƙi tashi. Abin da ake nufi shi ne, a da duk wata kamfanin yakan aiko da faci don toshe ɓarakar da aka gano wadda ɓarayin intanet ke iya bi su shigo. To yanzu facin kyauta na kowa da kowa ya ƙare. Katanga tana nan, amma in ta tsage babu magini. Wanda yake ganin abin wasa ne ya tuna da watan Mayu na 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta irin wannan ɓaraka ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ta ce sai an biya fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila har sai da suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Yawancin na'urorin da abin ya ci waɗanda ba a yi musu faci ba ne.

Kamfanin dai ya bar ƙofa ɗaya. Ya sanar cewa mai kwamfutar gida zai iya ci gaba da samun faci har zuwa 13 ga Oktoba 2026 in ya biya dala 30 ko ya cika wasu sharuɗɗa, makarantu kuma aka yanka musu dala 1 a kan kowace na'ura a shekarar farko, dala 2 a ta biyu, dala 4 a ta uku. Kuɗin ba su da yawa, amma jinkirta magana ce kawai. Hanyar da aka nuna wa kowa ita ce ya koma Windows 11, wadda ta fito tun 5 ga Oktoba 2021. A nan ne gizo ke saƙa. Windows 11 tana buƙatar wani ɗan guntun ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma buƙatar ƙwaƙwalwar da, in ta Intel ce, ba ta gaza zubi na takwas ba, watau na wajen 2017 zuwa sama. Mu kuwa a nan, wa ke da irin wannan? Kusan duk abin da ke ofisoshinmu da makarantunmu kayan Turai ne da aka gama ci aka loda a kwantena aka sauke a Tema.

Na makarantarmu guda goma sha biyu ne, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta sayo mana su shekarun baya, Allah Ya saka musu. Dukkansu ƙirar tsakanin 2012 da 2014 ne, kowace da ma'ajiyar aiki ta RAM mai gigabait 4. Na ɗauko manhajar da kamfanin ya tanada don duba cancanta, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duka goma sha biyun suka faɗi jarrabawa. Da na kai wa hedimasta labari sai ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "To Ticha, zubar da su za mu yi? In gaya wa iyayen yara me?"

Tambayar tasa ta zauna mini a rai, domin na san inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa. Duk wanda ya san Agbogbloshie a Ankara kafin a rushe wurin a Yuli 2021 ya ga yadda samari, da yawansu 'yan arewa, ke ƙona wayoyin kwamfuta don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙi. A ƙarshen 2023 wani kamfanin bincike mai suna Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 za su iya zama shara a duniya saboda wannan sauyi. Ban da haka, ina tuna abokin aikinmu Richard Appiah Akoto na Betenase, a nan jihar Ashanti, wanda a 2018 hotonsa ya zaga duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli a kan allo, don yaransa za su rubuta jarrabawa a kan abin da ba su taɓa gani ba. Ni da Allah Ya ba goma sha biyu, in bar su su lalace, in koma alli? Wasu masu gyara a Adum sun ce mini akwai dabarar da ake cusa Windows 11 a na'urar da ba ta cancanta ba. Akwai ɗin, amma shi kansa kamfanin ya faɗa cewa wanda ya yi haka ba shi da tabbacin samun faci. Ban ga amfanin gudu daga rami in faɗa rijiya ba.

YADDA FILASHIN YA ZO HANNUNA

Ana cikin haka sai wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake karatun kwamfuta a jami'a, ya zo gaishe ni da hutu. Da na koka masa sai ya yi dariya ya ce, "Ticha, ai waɗannan na'urori matasa ne, uwargida kawai za a sauya musu." Kashegari ya dawo da filashi a hannu, ya ce Linux Mint ce a ciki, zubi na 22.2 wanda suka raɗa wa suna Zara, amma fa ta gwaji ce, ba ta fi kwana biyu da fitowa ba.

Asalin Linux, mai karatu, wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara ta a 1991 a birnin Helsinki, ya sake ta kyauta, kowa na da damar dubawa da gyarawa. Daga nan mutane daban-daban suka riƙa ɗaukar wannan tushe suna gina nasu a kai. A 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu. A 2006 kuma wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya gina Mint a kan Ubuntu, ya tsara ta yadda wanda ya saba da Windows ba zai ɓata hanya ba. Ba a biyan ko sisi, gigabait 2 na RAM ya ishe ta tashi ko da yake 4 ya fi, an kuma yi alkawarin yi wa jerin 22 faci har 2029.

To me ake nufi da manhajar gwaji? Turawa na ce mata beta. Kamar ɗinki ne da tela ya harhaɗa ya kira ka ka sa a jiki kafin ya kashe zare. An gama yawancin aiki, amma masu shi sun san cewa na'urorin duniya iri-iri ne, ba za su iya mallakar kowace ba, don haka sai su sake ta ga masu ƙarfin hali su gwada, wanda ya ga aibu ya kai rahoto. Al'adar ta daɗe. Tun kafin Windows 95 ta fito ranar 24 ga Agusta 1995, sai da aka sayar wa jama'a ta gwajinta a kan 'yan faya-fayan nan masu kusurwa huɗu, a kan kuɗi kusan dala 20. Watau mutum ya biya kuɗi don ya yi wa kamfani aiki! A Oktoba 2014 Microsoft ya buɗe shirin Windows Insider, inda miliyoyin mutane suka shiga gwada Windows 10 kafin fitowarta.

Kada a raina aikin 'yan gwaji. A Oktoba 2018 an saki wani sabon zubi na Windows 10 wanda ya share wa wasu mutane takardunsu, har aka janye shi bayan kwana huɗu, bai dawo ba sai tsakiyar Nuwamba. Daga baya ta bayyana cewa 'yan gwaji sun kai ƙarar wannan matsala tun da wuri, sai dai rahoton nasu ya nutse cikin tulin rahotanni. Labarin da ya fi burge ni kuwa shi ne na Maris 2024. Wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, yana aiki da zubin gwaji na Debian, ɗaya daga cikin manyan gidajen Linux, sai ya lura shiga na'urarsa daga nesa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa! Ni da ke jiran minti uku na'ura ta tashi ai ko a jikina. Shi kuwa ya ƙi haƙura, ya yi ta tono har ya gano cewa wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki a wata ƙaramar manhaja mai suna xz, sai da aka amince masa sannan ya dasa ƙofar ɓoye a ciki. Ranar 29 ga Maris ya tona asirin. Da yake abin bai wuce zubin gwaji ya kai ga yawancin jama'a ba, aka tare shi a bakin ƙofa. Har Ubuntu ta ɗage nata gwajin da mako guda don ta sake gina kayanta. Da babu al'adar gwaji, da wannan ƙofa ta shiga manyan na'urorin bankuna da gwamnatoci.

Na tambayi yaron nan me ya sa bai kawo mini zubin da aka riga aka gama ba, tun da akwai 22.1. Ya ce yana ganin kafin a koma makaranta wannan ɗin zai fito sosai, gara in saba da shi. Hujjar ba ta da ƙarfi, na sani, amma ni ma ɗin ɗoki ya kama ni. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa kada ka shiga aji da darasin da ba ka gwada a kanka ba. Wannan na riƙe, na manta da ɗaya rabin, watau a ina ake gwadawa.

MAKON FARKO

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ana iya ɗanɗana ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ka soka filashi, ka kunna na'ura kana danna F12, a yawancin namu ke nan, sai ta tambaye ka daga ina za ta tashi. Ka zaɓi filashi, sai ga sabuwar uwargida ta bayyana, ka zaga ɗakuna ka duba, in ka kashe ka zare filashin Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta. Na yi kwana biyu ina haka a kan na'ura ta bakwai, wadda na zaɓa don babu komai a cikinta sai zane-zanen yara.

Rana ta uku na ce bari in girka ta sosai. An kai wajen rabi sai ɗif, aka ɗauke wuta. Dumsor ba ya sallama. Da wuta ta dawo bayan la'asar, na'urar ba Windows ba Mint, baƙar fuska kawai da 'yan rubuce-rubuce. Gabana ya faɗi, amma da na sake daga farko, cikin minti ashirin da 'yan kai komai ya zauna. Darasi na farko ke nan: in ba ka da batirin riƙe wuta, ka nemi lokacin da unguwarku ta saba samun wuta.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin da na gani. Na'urar da a da sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta shirya. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda aka saba, agogo ta dama. Ta zo da Firefox na shiga intanet, da LibreOffice wadda ke da manhajar rubutu da ta lissafi da ta nuna darasi a bango. Sai kuma abin da ya fi faranta mini rai. Ina duba jerin harsunan allon rubutu sai na ci karo da Hausa har kashi biyu, ta Nijeriya da ta Gana. Mu da kullum ake ce wa Hausarmu ta zango ba ta cika ba, ga sunanmu a cikin na'ura! Sai da na ɓata yini kafin yatsuna su gane inda aka ajiye ƙ da ɗ da ɓ, amma tun daga ranar na daina rubuta "kasa" ina barin mai karatu ya yi ta canki ko ƙasa nake nufi ko gazawa. Windows ma tana da allon Hausa, in ji yaron, mu ne ba mu taɓa nema ba.

A rana ta biyar na ga abin da na ɗauka aibun gwaji ne. Duk safiya in na kunna na'urar sai agogonta ya koma wata shekara can baya, Firefox ta ƙi buɗe shafuka tana cewa ba ta amince da su ba, faci ma ya ƙi saukowa. Na ce yawwa, ga dama ta zo, ni ma yau zan shiga sahun su Freund. Na zauna na tsara rahoto da Turancina na malamin makaranta, sakin layi uku, har da gaisuwa. Allah Ya taimake ni na nuna wa yaron kafin in aika. Ya karanta, ya danne dariya, ya ce, "Ticha, a ba ni sukundireba." Ya buɗe akwatin na'urar ya ɓanɓaro wani ɗan batiri mai kamar kwabo, lambarsa CR2032, wanda shi ke riƙe wa kwamfuta lokaci in an kashe ta. Ya mutu ne kawai, bayan shekara goma sha. Shafukan intanet kuwa suna da takardar shaida mai kwanan wata, in agogonka ya ce ana 2013 sai na'ura ta ga takardar ba ta yi daidai ba. Kuɗin sabon batirin bai kai na kwanon waakye ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na yaga rahotona, na kuma fahimci cewa rabin aikin ɗan gwaji shi ne ya bambance laifin manhaja da laifin tsohon ƙarfensa.

Tun da maganar agogo ta zo, ga wani abu ga 'yan uwanmu na Kamaru da Binin da ke samun wannan mujalla. In kun ajiye Windows da Linux a na'ura ɗaya, za ku ga agogo na zamewa da awa guda duk lokacin da kuka sauya, domin Linux na ajiye lokaci da agogon GMT, Windows kuwa da na gari. Mu a Gana da Togo agogonmu shi ne GMT ɗin, don haka wannan rigima ba ta shafe mu ba.

INDA NA YI ƁARNA

Da mako na biyu ya kama, kaina ya fara girma. Na ce tun da ta bakwai ta yi kyau, bari in yi wa ta ɗaya, wadda malamai ke shigar da makin yara a ciki, don in ba hedimasta mamaki. Yaron ya riga ya gargaɗe ni sau biyu cewa ba a sa manhajar gwaji a na'urar aiki, masu Mint ɗin ma sun rubuta haka ɓaro-ɓaro. Na ce ai zan kwashe komai tukuna. Na kwafe jakar takardu gaba ɗaya a filashi, na duba na ga sunayen azuzuwa, hankalina ya kwanta. Da aka zo wurin da na'ura ke tambaya ko a ajiye sabuwa kusa da tsohuwa ko a share faifai duka, har ta sake tambayata ko na tabbata, na danna share.

Bayan kwana biyu malamar lissafi ta leƙo makaranta don ta ƙarasa wani aiki. Ta zauna gaban na'urar ta yi shiru, sannan ta ce, "Ticha, ina makin 'yan aji biyu? A nan kan fuska nake ajiyewa." Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ashe ita ba ta ajiya a jakar takardu, a kan fuskar kwamfuta take barin nata don kada ta sha wahalar nema, ni kuwa ban kwafi fuskar ba.

Wanda ba malami ba zai ce maki ne kawai. To a jarrabawar BECE, kashi 30 cikin 100 daga aikin aji yake fitowa, kashi 70 ne na zauren jarrabawa. Yara arba'in da ɗaya ne, masu shiga aji uku, kuma aikinsu na shekara guda ne na share da yatsa ɗaya. Malamar ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Cewa kawai ta yi, "Allah Ya sa alheri," ta ɗauki jakarta.

Na kira yaron a daren. Abu na farko da ya ce shi ne in kashe na'urar kada in ƙara taɓa ta, domin abin da aka share yana nan kwance a faifai har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma duk minti ɗaya da take kunne ana ƙara binne shi. Da safe ya zo da wata manhaja mai suna PhotoRec, ta yi awa shida tana tono, ta fito da dubban takardu babu suna sai lambobi. Muka zauna muna buɗewa ɗaya-ɗaya. Wajen magariba muka sami takardar malamar, amma tsohon kwafi ne, zango na ɗaya da na biyu kawai. Na uku sabuwar manhaja ta riga ta hau kansa. Abin da ya cece ni shi ne littafin maki na takarda, wanda malamar ba ta taɓa yarda ta daina cikawa ba, ni kuma na sha yi mata tsiya a kansa ina ce mata 'yar zamanin da. Yamma huɗu muka yi, tana karantowa ina bugawa. Hedimasta bai ce mini komai ba sai da muka gama, sannan ya ce, "Ticha, mamakin da ka ce za ka ba ni, ka ba ni."

ABIN DA MUKA YANKE

Ranar 4 ga Satumba 2025 cikakken zubin ya fito. Ta bakwai ba ta buƙaci sabon girki ba, facin da ta riƙa saukewa ne ya mai da ita cikakkiya. Sauran kuwa sai da muka zauna da hedimasta da malamai, domin akwai abin da gwajin ya nuna mini wanda sauri ba ya magancewa.

Littattafan da yaranmu ke karantawa hotunan Windows da Word ne a ciki. Yaron da ya fahimci abin da yake yi, in ka sa shi gaban LibreOffice zai nemo yadda ake kaurara rubutu ko a ajiye takarda cikin minti biyu. Amma wanda haddace hoto ya yi, kuma irinsu ne suka fi yawa, laifinmu ne mu malamai, in maɓalli ya matsa gefe sai ya tsaya cak. Akwai wurin da ake sauya fuskar LibreOffice ta koma shafi-shafi mai kama da ta Word, na kuwa yi haka, ya rage nisa amma bai kashe shi ba. Har ila yau takardar sakamakon da muka tsara tun da daɗewa, da na buɗe ta sai layin sa hannun hedimasta ya zame zuwa shafi na biyu, saboda irin harafin da aka rubuta ta da shi mallakar Microsoft ne, babu shi a nan. Sai da muka sa wani mai suna Carlito, wanda aka ƙera daidai faɗin wancan, sannan ta koma shafi ɗaya. Tsohuwar firintarmu kuwa, wadda na fi jin tsoronta, ina soka ta ta kama aiki.

Wani amfani da ban zata ba shi ne na ƙwayar cutar filashi, wadda ke mai da takardu 'yan gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, wadda duk mai ɗakin kwamfuta a ƙasar nan ya san ta. An yi ta ne don Windows, a kan Mint ba ta iya motsi, har ana ganin ta a kwance a share ta. Sai dai in ba a share ba, filashin zai kai ta gidan wani yadda ya ɗauko.

A ra'ayina, mai shago ko ofis da ke da tsohuwar na'ura, in aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet, ya nemi wanda ya iya ya nuna masa Linux daga filashi, ya gani da idonsa kafin ya yanke shawara, kuma cikakken zubi zai nema, ba na gwaji ba. Wanda cin abincinsa ya rataya a kan CorelDRAW ko Photoshop, irin dattijon nan mai buga katin biki, wannan hanya ba tasa ba ce, domin ba a yi su don Linux ba. Gara ya raba na'urar da intanet, ya fara tara kuɗin wata. Ɗalibai masu sha'awa kuma ina ƙarfafa musu gwiwa su shiga gwaji, don in babu mai gwadawa daga wajenmu, babu wanda zai san yadda waɗannan manhajoji ke yi da harafinmu da tsofaffin na'urorinmu da wutarmu mai zuwa tana komawa.

Mu dai takwas muka mayar Mint, har da ta malamai. Uku muka bari da Windows 10, muka zare musu wayar intanet, a kansu 'yan aji uku ke ganin abin da ke cikin littafinsu. Makin yara yanzu wuri uku yake kwana: a na'ura, a filashin da ke kulle a durowar hedimasta, da littafin malamar lissafi, wanda ni da kaina na sayo mata sabo. Ta bakwai kuwa na manna mata farar takarda a goshi, na rubuta da jan biro da Hausa da Turanci: TA GWAJI CE, KADA A AJIYE KOMAI A NAN. A makon farko da aka koma makaranta na kama wani malami yana buga tambayoyin jarrabawa a kanta, wai ita ce ta fi sauri.